Wutar Sassabe a Kan Ƙanƙara

Ga ta nan, ga ta gare ku.

Ta zo, muna saurare.

Da zafin duniya ya fara narkar da ƙanƙarar ƙarshen arewa, Dila ya hango kanwa a ƙarƙashinta. Ya kasa riƙe bakinsa, sai ga Zaki da Giwa.

Zaki ya kunna itace, ya ce, "Wanda ya fara cinna wutar sassabe shi ke da fili."

Giwa ta jibga kurmi guda, ta ce, "Mai babbar wuta dai."

Dila ya ce, "Ranku ya daɗe, a kan daskararren ruwa fa kuke tsaye."

Suka ce, "Kai dai shata mana iyaka."

Ƙanƙara ta narke, ruwa ya cinye kanwar, ya haɗa da ramin Dila. Manyan kuwa, ruwa har wuya, suna gardamar wutar wa ta riga mutuwa.

Ƙurunƙus, kan ɓera naku ne.