Bokiti na Huɗu a Garar Radiyya

Ana saura kwana uku a kai garar Radiyya, yayarta Zinariya ta iso Makarfi daga Zariya da kaji uku da ƙunshin cuku na kanti. Ta iya girki, kuma ta san ta iya. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda wani ya san abin da ita ba ta sani ba.

Ta tarar da Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinsu, tana tsamo alkaki daga ruwan suga. Zinariya ta ce kowace amarya da alkaki da dubulan ake raka ta, amma ƙanwarta za ta shiga gidan miji a Furana ta ƙasar Ikara da abin da ba a taɓa gani ba: naɗin fulawa mai kaza da cuku, wanda ta koya a waya.

Aikin bai ba ta wuya ba. Ta dafa kajin, ta yayyage naman, ta soya da albasa da attaruhu. Ta murza kwaɓin da kwalba, ta zuba nama da cuku, ta naɗe, ta shafa ƙwai. Ta shimfiɗa yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ƙamshi ya kai har zaure.

Gwaggo ta ɗanɗana, ta yaba, sannan ta tambaya yaushe za a ci.

"Ranar Asabar mana, Gwaggo."

"Yau Laraba ce, 'yar nan. Kayan gara ba don daɗi kaɗai aka zaɓe su ba. Alkaki sai ya yi wata bai sauya ba. Naki nama ne."

Zinariya ta ce mai bidiyon ba ta faɗi haka ba. Gwaggo ta tambaya ko mai bidiyon ma ta kwana biyar ba wuta a firij ɗinta. Zinariya ta yi dariya, ta jera naɗin da zafinsu a sabon bokitin roba, ta danne murfi, ta ajiye a ɗaki. Lokacin bazara ne.

Ranar Asabar, a mota, ta ji wani tsami-tsami. Ta ce wa ranta fetur ne. Murfin yana ƙarƙashin hannunta tun daga Makarfi har Ikara, amma Gwaggo na gefenta, kuma buɗewa amsa laifi ne. Ba ta buɗe ba.

A gidan ango, mata sun cika tabarmi. Hajiya Mero, gwaggon ango, ita ke buɗe kaya ɗaya bayan ɗaya don a raba wa dangi. Dubulan, aka sa albarka. Alkaki da nakiya, aka sa albarka. Ta jawo bokiti na huɗu, ta ɗaga murfi.

Na kusa suka ja mayafi suka rufe hanci. Funfuna ta lulluɓe naɗin. Hajiya Mero ta mayar da murfin a hankali.

"Wannan a mayar wa mai shi," in ji ta. "Mu a nan ba mu saba ba."

Radiyya tana ɗaki, ta ji komai. Zinariya ta koma Makarfi da bokitin a cinyarta. Har yau, in Radiyya ta aika abinci cikin dangin mijinta, sai an shinshina kafin a ci.

Darasi: koyon sabon abu ba laifi ba ne. Amma kafin ka raina abin da ka tarar ana yi, tambayi dalilinsa. In kuma shakka ta zo maka a hanya, buɗe murfin tun kana mota, domin kunyar girman kai sau da yawa wani ne ke ɗaukarta.