Raƙumin Sammani Mai Ƙafa Shida

An ce wani sarki ya gina zauren fada, ya sa aka shafe shi da farar ƙasa fari fat, har ya fi son bangon nan a kan dokinsa. Yana kuma da ɗa mai shekara biyar, Sammani, wanda ba ya ganin farin bangon nan ya ƙyale. Kullum sai ya ɗauko gawayi a madafa ya zana raƙuma masu ƙafa shida. A kamo shi, a tsala masa bulala gaban sarki, gobe ya ƙara.

Ran nan sarki ya ɗaga bulala da kansa, sai Waziri Isiyaku, tsoho mai son yara, ya yi wuf ya shiga tsakani. Ya ce, "Ya sarki, ka ba ni aron yaron nan."

Sarki ya ce, "Na ba ka. Amma ran Juma'a ina da baƙi. In na ga zane ko ɗaya a bangona, rawaninka ya tafi, bulalarsa kuma ta ninku."

Waziri ya fita yana murna kamar an ba shi gari, fadawa kuwa suna raɗa cewa tsufa ya fara taɓa shi. Ya durƙusa gaban yaron har idanunsu suka daidaita, ya ce, "Sammani, ga bango birjik a gidan nan. Don me sai na fada?"

Yaron ya ce, "Baba ba ya zuwa sauran."

Tausayi ya kama Waziri, sannan daɗi ya rufe shi, don ya gano bakin zaren. Ya ɗauko kwano da farar ƙasa da tsumma, ya ce, "Wanda ya ɓata shi ke gyarawa, ni kuma zan taya ka." Suka shafe raƙuman tare suna dariya, gemun Waziri duk ya yi dumu-dumu. Sannan ya sa magina suka tayar da ɗan gajeren bango a tsakar gida, ya ce, "Na fada na babanka ne, ba a taɓa shi. Wannan naka ne, cika shi!"

Juma'a ta zo, zaure tas. Sarki ya yi fara'a gaban baƙi ya ce, "Ya Waziri, da me ka dake shi?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, in ruwan sama ya ci bango, bulala nawa ake yi wa ruwan?"

"Ba a dukan ruwa. Indararo ake sa masa."

"Na sa indararo, amma da sauran aiki. Wa ke ganin sarki ba tare da iso ba?"

"Mai laifin da aka kamo."

"To, ya sarki, wace rana ka kira Sammani ba don laifi ba?"

Sarki ya miƙe ya bar baƙinsa zaune, ya nufi tsakar gida, Waziri na biye da shi da sassarfa yana riƙe da rawani. Sammani na ganin uban, sai ya yar da gawayi, ya kare kansa da hannu biyu. Kunya ta lulluɓe sarki. Ya tsuguna a ƙasa da alkyabbarsa, ya nuna zanen ya ce, "Wane ne wannan a kan raƙumi?"

"Kai ne."

"Me ya sa ƙafa shida?"

"Don ya kawo ka da sauri."

Sarki ya rungume ɗansa, gawayi ya ɓata farar alkyabba, bai ko kula ba. Ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Ya Waziri, yau ni ka hora. Wanda ba ya duban na ƙasa da shi sai ranar laifi, shi ya koya masa laifin. Adalci daga kulawa yake farawa, hukunci a ƙarshe yake zuwa."