Jan Biro a Shafin Baya

Akwai wani tsohon direba da ba ya fashin sayen jaridar Litinin. Babu ruwansa da siyasa, shafin baya kawai yake so, inda ake jera shirye-shiryen talabijin na mako. Da an zagaye shiri ɗaya da jan biro, sai ya kira autansa a waya.

"Auta, Asabar ƙarfe huɗu akwai shirin namun daji. Kada ka makara."

Auta yakan zo yana ƙunƙuni, ya zauna kusa da Baba a tsohuwar kujerar falo, su kwashe awa guda suna musun zaki da damisa.

Rannan sai ga shi da wata 'yar na'ura, ya jona ta a bayan talabijin.

"Baba, an wuce zamanin jira. Duk shirin da kake so, danna nan kawai. Jaridar nan ma a bar ta, tara shara ce."

Baba ya jujjuya rimot ɗin. "To, kai yaushe za ka riƙa zuwa?"

"Kowane lokaci mana!"

Jama'a, ku duba kalandarku, babu ranar da ake kira kowane lokaci. Asabar ta koma Lahadi, Lahadi ta koma sai wani satin. Wata biyar Auta bai leƙo ba, har Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Bayan jana'iza, Auta yana tattara kayan falo ya ɗaga katifar kujera, ya tarar da shafukan jarida a jere, kowane da jan zagaye a kan Asabar.

"Mama, ashe bai daina saye ba? Na'urar ma bai kalla ba?"

"Ya kalla da wane ido? Shekara biyu ke nan yana gani dishi-dishi. Ni nake karanta masa, ni nake zagayewa. Ya hana ni faɗa maka, wai za ka ce to zuwan me za ka yi."

"Me ya hana ya kira ni?"

"Cewa ya yi ka ce kowane lokaci, ba zai takura maka ba. Amma duk Asabar ƙarfe huɗu sai ya gyara maka filo."

Auta ya duba shafin ƙarshe. Asabar mai zuwa aka zagaye. Nan ya durƙushe yana kuka.

Darasi: Ziyarar da ba a sa mata rana ba, da wuya a yi ta. Shiri yana jira, iyaye ba sa jira. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ake gyara wa filo yanzu haka.