Ƙwaryar Inna Saude

A kasuwar Kiru, wajajen shekarar 1989, an yi wani mai gyara da ake kira Ubale. Hannunsa na da kyau, zuciyarsa ma haka, sai dai Allah ya jarrabe shi da hali guda: bakinsa ba ya iya furta "babu". Gara ya yi 'yan dabaru da ya ce wa mutum ya dawo wani makon.

Abin taƙamarsa wani gam ne mai bututu biyu da yake sarowa daga Kano. Ɗaya gam ɗin ne, ɗayan kuma shi ke sa ya yi tauri. In babu na biyun, na farkon aikin banza ne.

Wata ranar kasuwa Inna Saude, dattijuwar Bafulatana daga wata ruga a gefen dajin Falgore, ta kwance ƙunshi a gabansa. Ƙwarya ce da ta tsage daga baki.

"Ta mahaifiyata ce," in ji ta. "A cikinta ta koya mini tatsa. Idona ya daina ganin ɗinki, shi ya sa na kawo maka, ɗana."

Ubale ya matsa bututu na biyu, ko ɗigo bai fito ba. Ya dubi fuskar tsohuwar, ya kasa faɗa mata. Sai ya tuna da ƙaron da ke cikin akwatinsa, ya ce a ransa ai duk danƙo ne. Ya jiƙa shi, ya cakuɗa da gam, ya shafe tsagar, ya shanya. Saman ya bushe har yana ƙyalli.

"Ta kama, Inna. Har jikokinki sai sun sha a ciki."

Ta yi ta sa masa albarka har ta ɓace cikin mutane.

Da mako ya zagayo ta dawo da ƙunshin, amma yanzu gutsattsari ne a ciki. Nono ya narkar da ƙaron, gam kuma dama bai taɓa yin tauri ba. Tana ɗora ƙwaryar a ka ta rabe biyu, ta faɗi ta tarwatse.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce a hankali. "Tambaya na zo yi, ko ni ce na yi garajen zuba nono?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi a wurin Ubale. Idonsa ya ciko da ƙwalla, ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya duka.

Ta shafa gutsattsarin, ta dube shi.

"Da ka ce mini babu, ɗana, ai da na jira. Shekara arba'in ina riƙe da ita, mako ɗaya ba zai gagare ni ba."

Ta yafe masa, ta bar masa gutsure ɗaya. Ya huda shi ya rataye a rumfarsa, bai sauke ba har ya tsufa.

Mai karatu, darasin a fili yake. In abin aiki ya ƙare maka, ka faɗa, kada ka maye gurbinsa da abin da ba ka gwada ba, balle a kan amanar wani. Kunyar cewa "babu" ta ɗan lokaci ce, amma akwai abin da in ya fashe ba ka da gam ɗin da zai haɗa shi.