Tabon Girar Gola

Akwai wani mutum da abokan sana'a ke kira Mai Fata. Aikinsa gyara wasan ƙwallo na kwamfuta: ya ciro hoton da ke lulluɓe da ɗan wasa, wanda suke ce wa fata, ya sake masa fuska da riga, ya mayar da shi cikin wasan. Kuma ya iya, wallahi ba a magana.

Masu wannan aiki suna da wata ɗabi'a. Falle-falle suke zane: launin jiki daban, gemu daban, inuwa daban. Wannan ita ce uwar fayil. In an gama sai a haɗe fallayen, a rage girman hoton, a fitar da ƙarami wanda wasan zai iya ɗauka. Ƙaramin kowa na samu. Uwar kuwa ɓoye ta ake yi, don a nan sirrin hannun mutum yake.

To, yayan Mai Fata gola ne. Hatsarin mota ya kwantar da shi a asibiti, likitoci suka ce shi da filin ƙwallo har abada. Mai Fata ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, ranar da aka sallame ka za ka tsaya a raga. Ni na faɗa."

Wata da watanni yana zana fuskar yayan a teburinsa, cikin lungun wani shagon gyaran waya. Har tabon girar da ya samu ranar da ya yi karo da turken raga sai da ya zana.

Ana cikin haka wani sabon shiga sana'ar, Dogo, ya zo yana sosa ƙeya.

"Maigida, don Allah ka ba ni uwar fuskar yayan nan naka in ga yadda kake sa inuwa. Fuskokin da nake yi duk kamar an shafa musu alli."

Mai shagon ya ja tsaki. "Kada ka soma! Ka ba shi yau, gobe ya fi ka."

Mai Fata ya yi dariya. "Fayil zai ɗauka, ai ba hannuna ba." Ya tura masa.

Ai kuwa maganar mai shago ta tabbata. Dogo ya ƙware, masu kawo aiki suka fara komawa wajensa. Kullum mai shago sai ya tsokane shi: "Malam mai kyauta, yau ma ɗalibinka ne ya kwashe mutanen?" Abin ya yi wa Mai Fata ciwo, ba ƙarya.

Sai ga wayar matar yayansa: "Gobe za a sallamo shi!"

Murna ta sa shi gaggawa. Ya haɗe fallayen, ya rage hoton, maimakon ya fitar da shi da sabon suna, sai ya ajiye shi a kan uwar, ya rufe. Da ya buɗe wasan, sai ga fuska ta dagule, ragin ya yi yawa, tabon ya ɓace. Ya koma neman uwar, ya tarar ita ce ya danne da hannunsa.

"Innalillahi," in ji shi. Aikin watanni ba ya yiwuwa a yini ɗaya, ga alkawari ya riga ya ɗauka.

Ya ɗauki waya ya kira Dogo, ya faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana.

"Haba Maigida, tana nan yadda ka ba ni, ko ɗigo ban taɓa ba. Ga ni nan zuwa."

Dogo ya bar aikinsa ya zo da gudu. Wuyan riga kawai ya rage, suka ƙarasa tare. Wannan karon sabon suna aka sa, aka gwada a wasan, fuska ta fito tas. Mai shago dai ya duƙufa kan wata waya, bai ɗago ba.

Washegari a falo, yaya na kan keken guragu, aka ɗora masa abin buga wasan a cinya. Gola ya bayyana a allo, aka matso da fuskarsa. Yaya ya kai yatsa ya shafa girarsa.

"Har da tabon?"

"Har da shi, Yaya. Ai na ce za ka tsaya a raga."

Yaya ya share ido da bayan hannu, ya miƙa wa matarsa ɗayan abin bugun. "Buga mini, mu gani in za ki ci."

Ta buga. Ya cafke.

Darasi: Abin da ka koya wa wani bai bar hannunka ba, ajiya ka yi a wurin da kuskurenka ba zai kai ba. Kada ka yi rowar ilimi. Ku tura wa duk wanda ke ɓoye abin da ya iya.