Rijiyar Mutanen Kan Tudu

Akwai wani mutum a wata ƙasa wanda sana'arsa haƙa rijiya ce. Tun yana saurayi ya koya a wurin ubansa, har ya kai idan ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, zai gaya maka ko akwai ruwa a ƙarƙashinta ko babu. Garuruwa da yawa sun sha ruwa ta hannunsa.

Wata rana yana cikin rami a wani gari, ya yi nisa ƙasa, sai gefen ramin ya zabtare ya rufto masa. Ƙasa ta binne shi har wuya, ƙafarsa ta dama ta karye. Masu jan kwando a sama suka leƙa, suka ga ƙasar ba ta daina zuba ba, sai suka ja da baya suna kururuwa. Ba wanda ya yarda ya sauka.

Ana cikin haka sai ga wani maigida mai babban lambu a bakin garin yana wucewa. Da ya ji abin da ya faru bai tsaya tambayar ko wane ne a ciki ba. Ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da kansa. Da hannu ya riƙa tone ƙasar, duwatsu suna yankarsa, har ya zaro mutumin ya goyo shi ya fito da shi, jini na zuba daga hannuwansa biyu. Ya kai shi gidansa, ya kira maɗori ya ɗora ƙafar, ya ba shi ɗaki da tufafi, ya sa ana kai masa abinci safe da yamma.

Da mutumin ya fara takawa da sanda, maigidan ya fita da shi bayan lambu, ya nuna masa wata 'yar unguwa a kan tudu, gidaje ba su fi ashirin ba. Mutanen wurin ba su da rijiya. Matansu kan fita da sassafe da tuluna zuwa wani rafi mai nisa, ba sa dawowa sai rana ta take. A gindin tudun kuwa akwai wani tsohon ɓaure.

Maigidan ya ce, "Ɗana, gidana gidanka ne, ko ka yi aiki ko ba ka yi ba. Ban fitar da kai don ka biya ni ba. Amma ka ga mutanen can? Ina so ka haƙa musu rijiya a gindin ɓauren nan. Ni zan riƙe maka igiya."

Mutumin ya amsa da murna, ya ce da zarar ƙafa ta warke zai fara. Har cikin ransa kuwa haka ya yi niyya.

Ƙafa ta warke. Ya ɗauki dagi, wato ƙarfen da yake sarar ƙasa da shi, ya tafi gindin ɓauren shi kaɗai. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya kuwa gane nan take akwai ruwa. Amma da ƙanshin ƙasar ya shiga hancinsa sai ya ji kamar ramin nan ya sake rufto masa. Ya miƙe ya koma gida. Da maigidan ya tambaye shi, sai ya ce damina ta kusa, gara a bari ta wuce.

Da damina ta wuce ya ce ƙasa ta yi laushi da yawa. Da rani ya tsananta ya ce ta yi tauri, dagin ma yana bukatar a kai shi maƙera. Kowace shekara da hujjarta, kuma kowace hujja akwai ɗan gaskiya a cikinta. Abu ɗaya ne bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, wato yana jin tsoro.

A hankali ya samu wurin zama a zauren gidan. Duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda maigida ya sauka rami dominsa, ya iya ba da labarin ƙwarai, har wasu su yi hawaye. Ba ƙarya yake yi ba, yana ƙaunar maigidan da gaske. Sai dai tafin hannunsa ya yi laushi, damatsansa suka saki. Waɗanda suka zo gidan a bayansa ba su san komai ba, suka shiga lambu suna kuskure ana gyara musu, har suka zama gwanaye, wani a dashe, wani a ban-ruwa, wani a kiwon zuma. Da yamma sukan dawo a gajiye suna dariya. Shi kuwa da ya yini a inuwa, sai ya ji ransa a dagule. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya zama mai yawan tsegumi, yau ya ce kunyar wane ta karkace, gobe ya ce wane bai iya riƙe fartanya ba. Yakan tambayi kansa me yake yi a duniya, ga ci ga sha ga sutura amma zuciya fayau.

Maigidan bai taɓa yi masa tsawa ba. Lokaci lokaci dai yakan tsaya a zaure ya tambaye shi ina aka kwana a maganar ɓaure, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce yana sane. Daga baya ma mutumin ya daina bin hanyar bayan lambu, don kada ya haɗu da matan nan da tulunansu.

A shekara ta goma sha ɗaya ruwan sama ya ɗauke da wuri, rafin nan ya ƙafe. Matan kan tudu suka koma tonon yashi suna kwalfar ruwa mai laka, yara suka fara ciwon ciki. Da abin ya fi ƙarfinsu, sai mutanen unguwar suka yanke shawara su tashi.

Da hantsi suka biyo ta ƙofar gidan, jakuna ɗauke da turame da tabarmi, tsofaffi na dogara sanda. Mutumin yana zaune a zaure kamar kullum. Sai wata mace a cikinsu, sunanta Laraba, ta tsaya ta gaishe shi. Ya san ta tun tana amarya, tana tafiya da tulu a kai kamar ba ta ɗauki komai ba. Yanzu wuyanta ya ranƙwafa, ƙafafunta duk faso.

Ta ce, "Baba, ashe kai ne aka ce za ka yi mana rijiya? Ina goyon 'yata ta fari muka ji labari. Kullum muka zo wucewa ta gindin ɓauren nan sai mu duba ko an fara."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ta gaya masa yara biyu suka binne a unguwar cikin wannan rani, ɗaya nata ne. Sa'an nan ta gyara kayan da ke kanta, ta yi masa sallama, ta bi sauran. Yana nan zaune har suka ɓace masa.

Ya tashi ya sami maigidan cikin lambu, ya faɗi a gabansa yana kuka. Ya ce ba damina ba ce, ba rani ba ne, ba dagi ba ne, tsoro ne ya hana shi tun ranar farko, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Maigidan ya ɗaga shi, ya ce, "Na sani, ɗana. Jira nake ka gaya mini. Ai na ce ni zan riƙe igiya. Hannun da ya fitar da kai daga wancan rami ne zai sake ka a wannan?"

Ya nuna masa tafukansa, ga tabban nan har yanzu ba su ɓace ba.

Washegari suka tafi gindin ɓauren su biyu. Aikin bai zo da sauƙi ba. Hannun mutumin ya yi bororo ya fashe, bayansa ya riƙe, abin da a dā zai gama cikin kwana uku ya ɗauke shi mako biyu. Da ramin ya wuce tsayinsa tsoron nan ya dawo, amma duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya ga fuskar maigidan a bakin rami, igiya na hannunsa. Sai ya ci gaba da sara. Abin da ya ba shi mamaki, cikin kwanakin nan ne ya sake jin daɗin tuwo, ya kuma sami kansa yana waƙa ƙasa-ƙasa kamar lokacin ƙuruciyarsa.

A gaba huɗu kacal ƙasa ta yi duhu, ta yi sanyi, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafarsa, garau, mai daɗi. Mutumin da ya taɓa haƙa rijiya mai gaba ashirin ya zauna cikin ruwan nan ya yi kuka mai zafi. Shekara goma sha ɗaya mata suna wucewa ta kan wannan ruwa da tuluna, gaba huɗu ne kawai tsakaninsu da shi.

Maigidan ya aika a bi sawun mutanen a gaya musu an sami ruwa. Gida uku suka dawo. Sauran sun riga sun watsu, Laraba kuwa aka ce ta yi nisa, ba wanda ya san garin da ta sauka. Mutumin bai koma zaman zaure ba. Ya haƙa rijiya biyu a wasu unguwanni kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya kuma koya wa wasu sana'ar. Ya sami salama, ba shakka. Amma har ya tsufa, idan matafiya suka sha ruwan gindin ɓaure suka sa masa albarka, sai ya ɗaga ido ya dubi kangayen kan tudu.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Maigidan nan Ubangijinmu Yesu Almasihu ne, wanda ya sauko inda zunubi ya binne mu, ya fitar da mu da raunuka a jikinsa. Gidan kuwa shi ne ikkilisiya. Ceto kyauta ne, ba a saye shi da aiki, shi ya sa maigidan bai kori mutumin ba duk tsawon shekarun nan. Amma wanda ya cece mu ya ba kowannenmu baiwa, ya kuma nuna masa gindin ɓaurensa. Wani koyar da yara ne, wata ziyarar marasa lafiya, wani sulhunta gidan da ya rabu, wani kuwa maƙwabcin da shekara da shekaru bai taɓa jin bishara daga bakinsa ba.

Da yawa a cikinmu mun iya ba da shaida. Muna da wurin zamanmu a majami'a wanda kowa ya sani, mun haddace waƙoƙi, amma shekara goma bayan baftisma bangaskiyarmu tana nan inda take, har ma ta yi laushi. Muna gunaguni cewa sujada ba ta ratsa mu kamar dā, muna ganin laifin mawaƙa da dattawa. Sau da yawa ba su ne matsalar ba. Bangaskiya cikin hidima take girma, a can cikin ramin da dole sai ka ɗaga kai ka nemi fuskar Ubangiji. Idan tsoro ne ya riƙe ka, ko ganin ba ka isa ba, ka kira abin da sunansa, ka gaya wa Ubangiji cikin addu'a. Ya riga ya sani, ba kuwa zai sake ka ba.

Abin da ya fi nauyi a misalin nan shi ne, jinkirinmu ba mu kaɗai yake ci ba. Ubangiji mai haƙuri ne, yana gafartawa, yana karɓar wanda ya makara. Amma mutanen da ya aike mu wurinsu ba za su zauna har abada suna jiranmu ba. Yaran da ba ka koyar ba za su girma su tafi. Marar lafiyar da kike cewa za ki gaishe ta bayan girbi, wataƙila ba za ta ga girbin ba. Gafara tana wanke laifi, amma ba ta dawo da shekarun da suka wuce.

Ni mai wannan magana akwai waɗanda na makara a kansu, har yau ina tunawa da sunayensu. Ba na so ku ɗauki irin wannan kaya. Kowa a nan ya san wanda Ubangiji ya daɗe yana sa masa a zuciya. Idan an tashi sujada yau, kafin ka je gida cin abinci, ka bi ta ƙofarsa ka yi sallama.