Gishirin Buhu da Gishirin Teku

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da hadisi, ya kuma tona littattafan likitocin da can har ya san inda suka dace da inda suka yi kure. Ga tsantseni, ga ƙarancin magana, har mu masu baki kamar reza mukan ji nauyin zama kusa da shi. Wanda ya ce ƙari nake yi, ya je ya tambayi mai gidan burodin bayan layinmu.

Bawan Allahn nan shekara ashirin yana kwaɓa fulawa da hannunsa, sai ƙuraje suka feso masa daga yatsu har gwiwar hannu, fata na tsagewa tana ruwa. Ba man shafawar da bai gwada ba. Masu saye suka fara ɗauke ƙafa, don wa zai ci abin da wannan hannu ya taɓa? Da ya ga sana'a na shirin mutuwa, ya je ya durƙusa gaban Shehin namu ya baje hannuwa.

Malam ya duba, ya yi addu'a, ya ce, "Magabata sun sha tura masu irin wannan ciwo bakin teku. Je ka shiga, safiya bakwai. Mai warkarwa Allah ne."

Tafiyar yini guda ce, shi kuwa mutum ne da ko jana'iza ya je hankalinsa na kan wutar burodinsa. Tun a hanyar gida ya yanka wa kansa fatawa: teku dai ruwa ne da gishiri, gishiri kuwa buhu-buhu gare shi. Ya rufe ƙofa, ya auna yadda yake auna na kwaɓi, ya zuba a baho, ya tsoma hannu. Matarsa ta ce, "Maigida, yau kai za a gasa ke nan?" Ya daka mata tsawa. Kwana uku, hannu ya tashi kamar ƙullun da yis ya yi wa yawa.

Ya koma a fusace. Kafin ya buɗe baki, Malam, idonsa na kan littafi, ya ce, "Ludayi huɗu ka zuba, na biyar ka yi rowa. Na aike ka wurin abin da Allah Ya auna, ka tsaya kan awonka."

Ya tashi ya koma gida. Ya kashe wuta, ya kama hanya. Kullum bayan sallar asuba yakan tsaya cikin ruwa har ƙirji, igiyar ruwa na marinsa, ba wanda zai rama wa. Ranar farko raɗaɗi ya sa shi hawaye, ran na huɗu ƙaiƙayi ya kwanta, ran na bakwai ɓawo ya zube, sabuwar fata ta fito sumul.

Da ya dawo, sai ya jawo teburin kwaɓi bakin ƙofa, kowa ya gani. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta tsaya, ta kama hannun, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ba ni biyu, masu zafi."

Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ajiye waraka inda Ya so, Ya sanar da wanda Ya so cikin bayinSa. Allah Ya ja zamanin Shehi, Ya yayyafa mana albarkarsa, Ya shirye mu masu gaggawa, amin.